Amshin da Ya Riga Molo

Shekara ashirin da bakwai na yi zaune a bayan mutum ɗaya ina maimaita layi biyu. Aikin ɗan amshi ke nan. Duk wanda ya ce maka da daɗi, tambaye shi ko ya taɓa yi. Ƙwarya a kife gabana, zobba a yatsuna, ina kaɗawa ina jiran a kai ƙarshen baiti in karɓa, abokan amshina biyu su biyo ni. Na san ƙeyar mutumin nan fiye da yadda na san fuskokin 'ya'yana.

Mai molo ne, kuma shi ke tsara waƙoƙinsa, bai taɓa aron ko baiti ɗaya ba. Mu Maigida muke ce masa, mutanen Garwa kuwa Baba mai molo. Tun zamanin Faransawa ya fara, a bakin Binuwai, lokacin da jirage ke hawowa da damina su kwashi gyaɗa da auduga. 'Yan dako yake yi wa waƙa suna hawa katako da buhu a ka. Ko da na shiga wajensa furfura ta riga ta kama gemunsa. Jirage suka daina zuwa, yana nan. Rediyo ya shiga kowane zaure, yana nan. Kiɗan Kwango da na kudu suka cika gidajen biki, samari suka rataya gita suka saki wando mai faɗin ƙafa, aka zo aka kawo kaset, shi dai yana nan da tsirkiyarsa uku da muryar nan tasa mai kama da jan buhu a kan tsakuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce muryarsa da zaƙi ba. A garin da Fillanci ke cin kasuwa, shi da Hausa yake waƙa, ya ɗan yayyafa mata Fillanci da kalma ɗaya biyu ta mutanen dutse. Amma in ya buɗe baki a kasuwar unguwar Rumde Ajiya, mai awon gero sai ya bar mudu a cikin buhu.

A shekarun nan shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, don haka ranakun biki ba su ƙarewa. A aiko mota, a raba mana atamfa mai hoto, a jera mu a rana tun hantsi muna jiran manya, in sun iso a ba mu ɗan lokacin da bai wuce na shan ruwa ba. Maigida ya yi waƙar da ake so, ya yi ta da kyau kuma, aka ba shi riga. Sai dai a duk tsawon zamana da shi ba wanda ya taɓa tare mu a gidan suna ko a kasuwa ya ce a yi masa ita. Mun taɓa zuwa fadar sarkin Rey Buba aka ajiye mu kwana tara kafin a saurare mu, a dawowa kuma mota ta kafe a laka muka yi ta turi. Tun daga nan gwiwoyina suka fara ƙorafi, har yau ba su yi shiru ba. Matata ta daina tambayata yaushe zan dawo, sai dai ta ƙulle mini ƙuliƙuli a tsumma ta miƙo.

Abin da ya sa mutane ba su gaji da shi ba, waƙa ɗaya ce, muna ce mata Kira. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a garin Pitowa da ke kusa da Garwa, ranar kasuwar farko bayan an gama awon auduga, da la'asar, a gindin wani maɗaci da ke bayan rumfunan mahauta. Manoma su taru, Hausawa da Fulani da mutanen dutse, masu salla da masu zuwa coci, kowa da matarsa da kwandonsa. Waƙar kashi biyu ce. Kashin farko na masu rai ne, kiɗa na gudu. Maigida ya fara tsokanar mutum da abin da kowa ya san shi da shi, marowaci ne, ko mai barci a kunyar gona, ko wanda jakinsa ya fi shi hankali. Jama'a na dariya suna waiwayen mai ita. Sannan ya ɗaga wuyan molo sama, ya kira sunan mutumin da na ubansa, ya ce, "Taso!" Nan kiɗa ke tsayawa cak. Mutumin ya miƙe tsaye, jama'a su ce "Yauwa!", mata su rangaɗa guɗa, Maigida ya sauke wuyan molo, sannan ni in shigo da amshi. Kashi na biyu na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Kiɗa ya lafa, ba tsokana, ba taso, suna ne kawai da addu'a.

Na ga manomin da ya yi shekara yana duƙe, ba wanda ya san da zamansa sai mai sikeli, ya miƙe a gindin maɗacin nan yana washe baki kamar ango, don an zage shi da suna a gaban mutane. Rediyo ba ya yi wa kowa wannan.

Ƙa'idar ɗan amshi ɗaya ce, ranar da na fara aka gaya mini ita: muddin wuyan molo bai sauka ba, bakinka ba naka ba ne. Wanda ya shigo kafin nan ya yanke wa maigidansa waƙa, a sana'armu kuwa gara ka mare shi a tsakiyar kasuwa. Akwai kuma wani aikin da ya hau kaina ba wanda ya ɗora mini, wato bin labarin mace-mace. Kafin ranar Kira sai in zaga tasha da teburan masu shayi in ji wa aka rasa bana, a mota in faɗa wa Maigida, shi kuma ya ɗauke mutum daga kashin farko ya mai da shi na biyu a cikin kansa. Ba takarda, ba allo. Ka kira mamaci cikin masu rai, ka ce masa taso a gaban iyalinsa, ai ba ƙaramar katoɓara ba ce, kuma Maigida bai taɓa yin ta ba.

A shekarata ta ashirin da uku da shi na fara ganin alamu. Ya kira ni da sunan mai ƙwaryarsa na farko, wanda ya rasu tun ban zo ba. Wata rana da damina ya tambaye ni ko jirage sun iso. A wani gidan biki a Rumde Ajiya ya maimaita baiti ɗaya sau uku, na ga samari suna zungurin juna. Na san abin da ke biyo bayan wannan. Na ga yadda aka yi da wani tsohon makaɗin kalangu a unguwarmu. Ranar da aka ce ya ruɗe, daga ranar ba wanda ya sake sauraronsa, sai dai a kira shi a yi dariya a ba shi goro. Na gaji da Maigida, wallahi na gaji, sau nawa ina shirya maganar da zan yi masa in ajiye ƙwarya in koma ɗinkin da na koya tun ina saurayi. Amma ban yarda a yi masa irin ta mai kalangu ina zaune a bayansa ba. Na naɗa kaina mai gadin mutuncinsa, shi bai ma sani ba.

Cikin manoman da ake kira akwai wani gajeren mutum daga kan dutsen da ke bayan Pitowa, Kirista ne, mai yawan dariya. Ba shi da jaki, a ka yake sauko da audugarsa cikin wani ƙaton kwando. Baitinsa kowa ya iya shi:

Gajeren dutse, kwando ya fi ka tsawo,
Ga auduga tafe, ba mu ga mai ita ba,
Jama'a, wa ya ba auduga ƙafa?

In aka ce taso ya miƙe, sai mutane su ce ai bai tashi ba tukuna, ya ƙara. Matarsa, wata doguwar mace marar yawan magana, ita ta fi kowa dariya, tana dukan bayansa har sai ta share hawaye da bakin zane. Shekara da shekaru ina kallon wannan ta saman kafaɗar Maigida.

A daminar shekarata ta ashirin da ukun nan gajeren ya rasu, ciwon ciki na kwana biyu. A tasha na ji. Cikin motar Pitowa, muna matse tsakanin buhunan gishiri da wata akuya, na lissafa wa Maigida mutum shida da aka rasa, na maimaita na gajeren har sau uku.

"Na ji, kai mai ƙwarya," in ji shi. "Kunnena ka ga ya mutu?"

Da muka sauka na bar shi a gindin maɗaci yana ɗaure tsirkiya, na tafi neman abin da zan sa a cikina.

Da la'asar aka taru. Matar na zaune a gaba, daidai inda suka saba zama, da baƙin kallabi, ƙaton kwandon nan a gefenta ba komai a ciki. Na ce a raina, baiwar Allah, ta zo jin addu'a. Waƙa ta kankama, mutum ya tashi, mutum ya zauna, har muka wuce ashirin. Kowane manomi da ɗan salon kiɗansa, sai na ji molo ya juya zuwa salon da na sani. Na gane inda aka dosa tun Maigida bai buɗe baki ba.

"Gajeren dutse, kwando ya fi ka tsawo..."

Wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Can baya samari biyu masu rediyo a kafaɗa suka fara murmushi. Matar ta dafa ƙasa da hannu ɗaya ta karkato gaba, na ɗauka kuka za ta fashe da shi ko ta ruga. Wuyan molo ya fara ɗagawa. Ban yi shawara da kowa ba. Na daki ƙwarya da iya ƙarfina na shigo da amshi, abokaina suka biyo ni don haka suka saba, muka danne sunan. Bakin Maigida na motsi, ba mai jin abin da yake faɗa.

Ya waiwayo. A shekara ashirin da uku, ran nan ne kaɗai ya waiwayo yana cikin waƙa. Sannan ya juya ya wuce kan mutum na gaba. Ni kuwa har sanyi na ji a raina, na ce na tsamo shi. Da aka zo kashi na biyu na kasa kunne in ji ya sa gajeren inda ya dace. Ya kira mutum biyar ya rufe waƙa. Kafin nan matar ta riga ta ɗauki kwandonta ta ratsa ta bayan jama'a ta tafi.

Muna tasha muna jiran mota ta cika, rana ta yi ja, abokan amshina sun tafi alwala, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka yanke mini waƙa."

"Maigida, mutumin nan ya rasu. Sau uku na faɗa maka."

"Na san ya rasu. Kana can wajen cin tuwonka matarsa ta zo. Ta durƙusa a gabana da riɗi a ƙoƙo. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, useko, don Allah Baba, bana kaɗai, kar ka sa shi wurin matattu, ni ban gama ba. Ka kira shi yadda kake kira, in ka ce taso, ni zan taso masa. Tun asuba ta baro dutse don wannan."

Sai na tuna hannun nan da ta dafa ƙasa da shi. Ashe tashi take shirin yi.

"To me ya hana ka gaya mini, Maigida?"

"Na gaya maka."

"Wallahi ba ka gaya mini ba."

Na ga yana nema a cikin kansa kamar mai laluben aljihu. Can ya ce a hankali, "To, na manta ke nan."

Ban san wanne ya fi yi mini ciwo ba. Abin da nake tsoro gaskiya ne, tsufa ya fara cin kansa. Abin da na yi kuma ɓarna ce. Mace ta taka dutse da kwandon mijinta don ta ji sunansa sau ɗaya ta miƙe a madadinsa, na sa ƙwarya na rufe. Ran nan ba a kira shi cikin masu rai ba, ba a kira shi cikin matattu ba. Muka shiga mota muka koma Garwa.

Mun ce za mu hau dutsen mu same ta, a yi mata baitin a ƙofar ɗakinta. Azumi ya zo, muka ce bayan salla. Bayan salla aka aiko motar biki. Damina ta faɗi, Maigida ya ce ƙafarsa ba ta hawan dutse mai santsi. Ni kuwa gaskiyar magana kunya ce ta riƙe ni, ban san da wane ido zan dube ta ba. Ranar da na yi ta maza na tambayi wani ɗan dutse mai sai da barkono a kasuwa, ya ce ai ta koma wajen danginta can wajen Mokolo, bai san wane ƙauye ba.

Da shekara ta zagayo, muna cikin motar Pitowa, Maigida ya ce, "In na zo kan gajere, ka riƙe bakinka." Ya manta hularsa a gida ran nan, ya manta ko ya karya kumallo, amma wannan bai manta ba. Ya yi baitin, ya ɗaga molo, ya kira sunan da na uban ƙarara, ya ce, "Taso!" Ba wanda ya tashi. Shirun da aka yi har saran ƙashi muke ji daga rumfar mahauta. Ya riƙe molon a sama har hannunsa ya fara rawa, sannan ya sauke, na shigo da amshi murya ba ƙarfi.

Kafin mu kai tasha magana ta bazu: Baba ya ruɗe. Na fara bin teburan masu shayi ina bayani, labari ya kai masa, ya kira ni ya ce, "Maganar mace ce ta amana, ba ta kasuwa ba. Ka yanke mini waƙa, kar ka yanke mini wannan." Na ja bakina. Kunyar da na yi ta gadi kar ta same shi, ni na kawo masa ita da hannuna, ya kuma ɗauka bai taɓa goranta mini ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekara uku a jere haka aka yi. Gayyatar biki ta ragu. Motar manya ta daina zuwa, wannan kam ban yi kukanta ba. Ɗaya daga abokan amshina ya samu aikin gadi a kamfanin auduga ya tafi, ban ga laifinsa ba. Amma gindin maɗaci bai daina cika ba, don ruɗaɗɗe ko ba ruɗaɗɗe ba, ba wani a ƙasar da ya san sunan uban kowa. Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta taɓa riƙe mini hannun riga bayan an tashi ta ce, "Ku ƙyale shi, ɓingel am. Ni ma in na mutu haka nake so a yi ta kirana." Tana ce mini ɗana alhali gemuna ya yi fari.

A shekara ta huɗu idanunsa suka tafi. Ni ke riƙe masa hannu daga mota har tabarma, in ɗora masa molo a cinya. Sunaye da yawa sun zube, wasu ni ke raɗa masa ta baya. Da ya zo kan gajere bai nemi taimako ba. Ya yi baitin, ya ɗaga molo, ya kira, ya ce, "Taso!" Shirun nan ya sauko. Daga baya wani ya yi dariya, wani kuma ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ai wannan ya daɗe a ƙasa!" Na jira ya sauke, bai sauke ba. Hannun na karkarwa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, molo na sama. Na gane yau ba zai sauke ba sai dai molon ya faɗi.

Ƙa'ida ta hana ni buɗe baki. Ba ta ce komai a kan ƙafa ba. Na dafa ƙasa na miƙe tsaye a bayansa, ni da nake dogo kamar gora, gwiwoyina na ƙara. Mutane suka zuba mini ido. Tsohuwar nan mai nono ce ta fara cewa, "Yauwa!" Dattawan da suka san gajeren suka karɓa, wata ta rangaɗa guɗa, aka yi dariya irin ta da, wadda ba ta wulaƙanci ba. Maigida ya sauke wuyan molo. Na zauna na ja ƙwaryata na shigo da amshi a kan lokaci.

A mota, mun wuce rabin hanya, na ɗauka barci yake, sai ya ce, "Kai mai ƙwarya."

"Na'am, Maigida."

"Ta zo ko?"

Na dubi idanun nan da suka yi fari. Har yau ban sani ba ko tambaya yake da gaske, ko kuwa ya ji ƙarar gwiwoyina yana so ne ya sauke mini kaya. Shekara ashirin da bakwai abin da ya faɗa nake maimaitawa.

"Ta zo, Maigida."

"Ta tashi?"

"Ta tashi."

"Madalla," in ji shi. "Baɗi sai mu mai da shi wurinsa."

Allah ya yafe mini ƙaryar nan, amma ban yi nadamarta ba. Bai kai baɗi ba, da bazara ya rasu. Na ba matata ƙwaryar ta riƙa tankaɗe a ciki, na koma kan keken ɗinki a Rumde Ajiya, inda na tarar zaman ma gwiwa yake ci. An zo sau biyu daga Pitowa ana roƙona in yi Kira, na ce ni layi biyu na iya. Matar ban sake ganinta ba, kuma ban san ko wani ya taɓa kai mata labari ba. Gajeren dutse kuwa har yau yana cikin masu rai, don ba wanda ya rage da zai mai da shi.